Ƙera hobakiraf a matsayin furojet: tambayoyin da ɗaliban injiniya a Bauchi suka fi yi

Idan lokacin zaɓen furojet ya zo, akan samu ɗaliban injiniya, a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, waɗanda wani bidiyon YouTube ya ɗauke wa hankali: ga mutum zaune a kan faifan katako, yana sulalewa a tsakar fili, ba taya ba komai. Wannan abin hawa da ke tafiya a kan iskar da aka cusa a ƙarƙashinsa shi ne hobakiraf. Daga nan sai tambayoyi su biyo baya. Ga waɗanda suka fi maimaituwa da amsoshinsu. Abin da nake so ku riƙe tun da wuri shi ne, ba girman inji ke ɗaga hobakiraf ba. Rashin nauyi da siket mai kyau, wato ledar ko tampol ɗin da ke kewaye ƙasansa don tare iska, su ke yin aikin, awo kuma shi ke kawo maki.

Malam, wai tashi yake yi kamar jirgin sama?

A'a. Fanka ce ke cusa iska a ƙarƙashin dandamali, siket ɗin da ya kewaye shi ya tare ta, matsin ciki ya ɗan ɗara na waje, sai dandamalin ya ɗagu. Iskar na zurarewa ta ƙarƙashin leɓen siket, fankar na mayar da wata. Tazarar da ke tsakanin leɓen da ƙasa 'yan milimita ce kawai, amma ta isa ta kawar da gogayya, har ƙaramin yaro ya iya tura ƙato da hannu ɗaya.

Wanda aka fi danganta ƙirƙirar hobakiraf da shi Baturen Ingila ne, Christopher Cockerell. A shekarun 1950 ya gwada dabarar da gwangwanaye biyu, ya zura ƙarami a cikin babba, ya hura iska ta tsakaninsu a kan sikeli. Kamfanin Saunders-Roe ya ƙera na farko mai ɗaukar mutum bisa dabararsa, SR.N1, wanda ya tsallaka teku daga Kale ta Faransa zuwa Doba ta Ingila ranar 25 ga Yuli, 1959. Wannan na farkon ba shi da siket mai lanƙwasa, daga baya aka ƙara masa, kuma sai a lokacin ne abin ya fara iya tsallake tudu da igiyar ruwa masu ɗan girma. Ku lura da wannan, domin za mu dawo kan siket.

Mu huɗu ne a rukuninmu, zango ɗaya ya rage. Wane girma za mu yi?

Kuna da zaɓi uku. Akwai ƙarami na kan tebur mai aiki da batir da rimot, wanda ya fi dacewa da 'yan lantarki da ke son nuna yadda ake sarrafa mota da na'urar awo. Akwai faifai mai faɗin mita 1.2 da ke ɗaga mutum ɗaya, ana tura shi da hannu. Sai kuma cikakke mai injin fetur da farfelar turawa.

Kowa na ukun yake so, na sani. Amma a zango ɗaya, ga lakca ga jarrabawa, ku fara da faifan. Mako biyu ya ishe ku ku gama shi, kuma duk abin da za ku koya game da matsi da siket yana cikinsa. Idan ya tashi kun auna shi kun rubuta, sannan lokaci da aljihu sun yarda, sai ku ƙara farfela. Rukunin da ya tafi kai tsaye kan babban shi ne ake gani ana gobe kare furojet a gaban masu jarrabawa yana walda da fitilar waya.

Yaya ake lissafin iskar da ake buƙata?

Nan ne babi na uku na rubutun furojet ɗinku yake, don haka ku ɗauko biro.

Matsin da ake buƙata shi ne nauyi a raba da faɗin ƙasan dandamali. A ce faifanku mita 1.2 ne daga gefe zuwa gefe, faɗinsa zai kama murabba'in mita 1.13. A ce matuƙi da katako da bulawa (na'urar hura iska) duka kilo 100 ne, wato niyuton 981. Idan an raba, a samu faskal (ma'aunin matsi) kusan 870. Matsin iskar da muke shaƙa a bakin teku ya kai faskal 101,000, kenan abin da kuke nema bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙari ba. Tayar babur ta ninka wannan fiye da sau ɗari. Shi ya sa leda ma ke iya riƙe shi.

Wahalar tana wajen yawan iska. A wannan matsi iska na fita ta ƙarƙashin siket da gudun kusan mita 40 a daƙiƙa. Kewayen faifan mita 3.77 ne. Idan tazarar milimita 3 ce, sai ku ninka kewaye da tazara da gudu, ku sake ninkawa da 0.6 saboda matsewar iska a bakin fita: kusan kubik mita 0.27 a daƙiƙa, ko 16 a minti. Ninka wannan da matsi, wat 235 kenan. Fanka ba ta ba da duk abin da ta ci, don haka ku ɗauka rabi zai salwanta, ku nemi abin da ya kusa wat 500. Idan ƙasan ya yi gargada tazarar ta koma milimita 6, buƙatar ta ninka. Faifan da ke yawo a kan tayil na ɗakin lakca zai iya ƙin motsi a filin ƙwallo, ba don wani abu ya lalace ba.

Wani abu da masu kwafo lissafi daga intanet ke tsallakewa: littattafai na sa nauyin iska kilo 1.225 a kubik mita, wannan kuwa a bakin teku ne a sanyin digiri 15. Bauchi na sama da mita 600 daga matakin teku, kuma a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 35. Da tsakar rana irin wannan nauyin iskar kan sauka zuwa wajen 1.05. Fanka ɗaya mai juyi ɗaya za ta ba da matsi ƙasa da abin da takardarta ta ce da kimanin kashi 14 cikin ɗari. Ku sa wannan a rubutunku, mai jarrabawa zai gane da kanku kuka yi lissafin.

Fankar radiyeton mota ko fankar tsaye za ta yi?

Don ɗaga mutum, a'a. An yi su ne su kaɗa iska a fili, da zarar sun gamu da turjiya sai iskar ta riƙa dawowa ta tsakanin fukafukansu. Fankar radiyeto ta dace da ƙaramin na kan tebur. Ƙaramar bulawar kakkaɓe ƙurar kwamfuta kuma akasin haka ce: tana da matsi, amma iskarta ba ta wuce kubik mita 3 ko 4 a minti, alhali 16 kuke nema. A kan tayil mai santsi, da siket mai kyau, takan ɗaga yaro. Abin da ya fi shi ne babbar bulawar share ganye, ko fanka mai siffar katantanwa irin ta tsohuwar na'urar sanyaya manyan gine-gine. Ku leƙa wajen 'yan gwangwan da masu gyaran AC kafin ku nufi shagon sabon kaya. Ku kuma sani adadin da ke rubuce a jikin bulawa na lokacin da take hurawa a fili ne, idan ta shiga aiki zai ragu.

Muna da injin babur a gida, za mu iya amfani da shi?

Za ku iya, amma ba na ba da shawara. Yana zuwa da giya da kulocin da ba ku buƙata, nauyi ne kawai, kuma iskar gudu ce ke sanyaya shi, a tsaye zai yi zafi. Injin da ya fi dacewa yana ko'ina a garin nan: irin na markaɗe da ban ruwa, samfurin Honda GX160 da makamantansa, wanda ake kira mai ƙarfin doki 5.5. Nauyinsa kusan kilo 15 ne, yana da fankarsa ta sanyaya kai, yana da gwamna da ke tsare shi a wajen juyi 3,600 a minti, kuma duk makanikin janareta ya san cikinsa. Kada ku yarda wani ya cire muku gwamnan wai don ƙarin ƙarfi.

Ko inji ɗaya ko biyu? Wasu kan yi farfela ɗaya, su yanke kusan kashi ɗaya cikin uku na iskarta zuwa ƙasa, saura ya tura. Ya fi sauƙi da rashin nauyi, amma da kun rage wuta sai jirgin ya zauna. Ga furojet, raba ɗagawa da turawa ya fi, domin za ku iya auna kowanne shi kaɗai.

Da me ake yin siket, kuma wa zai ɗinka mana?

Siket shi ne rabin aikin, kuma shi ɗalibai ke bari sai ƙarshe.

Na faifai ba ya buƙatar ɗinki. Ku shimfiɗa leda mai kauri ko tampol a ƙasan faifan, ku naɗo gefenta sama ku danne da sitefila da salatif mai ƙarfi, kada iska ta samu mafita. Kada ku ja ta ta yi tsam, ku bar mata ɗan sako-sako. A tsakiya ta ƙasa ku danne ta da murfin bokitin fenti da noti ɗaya, sannan ku yanka ramuka shida masu faɗin santimita 5 kewaye da murfin, kusa da shi. Bakin bulawa zai shiga ta ramin da kuka huda a katako. Idan an kunna, ledar za ta kumbura ta zama zobe, iska ta fito ta ramukan ta cika tsakiya, sannan ta zurare ta ƙarƙashin zoben. Ku fara goge gefen katakon da samfefa, in ba haka ba shi zai fara yaga ledar.

Na babba iri biyu ne. Akwai na jaka, bututu ɗaya da ya zagaye jiki, wanda matsinsa ke ɗan ɗara na tsakiya. Akwai na yatsu, ƙananan aljihuna masu yawa a jere, kowanne na motsi shi kaɗai. Na yatsu ya fi bin gargada, kuma idan ɗaya ya yage shi kaɗai za a canza, amma yanka da ɗinkinsa na cin lokaci. Ku yi na jaka.

Tampol mai rufin roba irin na manyan motoci yana da ƙarko amma yana da tauri da nauyi, ku nemi mara kauri sosai. Tsofaffin banonin siyasa da aka sauke bayan zaɓe suna yin gwajin farko, kusan kyauta, sai dai suna tsagewa a wurin lanƙwasa. Ɗinki kuma ba na telan kaftani ba ne. Ku je wajen masu ɗinkin kujerun mota da rumfar Keke Napep, su ke da keken da ke cin tampol da zare mai ƙarfi. Amma kada ku je da baki kawai. Ku yanka samfurin kowace kusurwa a takardar buhun siminti, ku haɗa da salatif ku ga ta zauna, sannan ku kai masa. Ku ce ya bar santimita 2 na ninki, bayan ɗinki a shafa gam a kan layin allura. A kusurwa siket ke lalacewa: idan ta yi gajarta sai ta ɗaga iska ta tsere, idan ta yi tsawo sai ta naɗe tana jan ƙasa.

Mun kunna, siket ya kumbura, amma abin ya ƙi motsi. Me ya faru?

Yawanci iska na cika siket amma ba ta isa tsakiya, wato ramukan sun yi ƙanƙanta ko sun manne da ƙasa. Ku ɗan faɗaɗa su. Idan kuma ko kumburin bai yi ba, akwai yoyo: ku bi gefe da jiƙaƙƙen hannu ko ruwan omo, za ku ji ko ku ga kumfa. Idan gefe ɗaya ke jan ƙasa, nauyi ne bai daidaita ba. Ku ɗora dandamalin a kan bututu, matuƙi na zaune, ku matsa kujera ko batir har ya tsaya daidai. Wani lokaci kuma yakan riƙa tsalle yana kaɗawa da ƙara. Sau da yawa siket ne ya yi tauri da iska, a ƙara ramin fita ko a rage wuta.

Jikin fa, ƙarfe ko katako?

Mai walda zai ce a yi da angil ayon don ya yi ƙarko. Ku gode masa, ku nufi 'yan katako. Filawud ɗaya mai ƙafa 4 da 8 faɗinsa kusan murabba'in mita 3 ne, idan duka kayan kilo 200 ne, faskal 660 kawai kuke nema, ƙasa da na faifan ma. Siririn filawud da haƙarƙarin katako a ƙasa ya fi mai kauri falle ɗaya ƙarfi a kan nauyi ɗaya. Ƙarfe sai a mazaunin inji da kejin farfela. Duk abin da za ku ɗora, ku fara ɗora shi a sikeli ku rubuta.

Ina birki yake?

Babu. Allo ɗaya ko biyu a bayan farfela ke karkata iska, su ne sitiyari, kuma ba sa aiki sai farfela na hurawa. Idan ka juya hancin, jirgin zai ci gaba da tafiya inda ya dosa da farko, a kaikaice, kamar sabulu a jiƙaƙƙen siminti. Tsayawa sai dai a rage iskar ɗagawa a hankali ya zauna, don haka ku sa masa katakai biyu a ƙasa da za su sha gogar. Idan aka kashe wuta farat ɗaya ana gudu, jirgin zai tsaya, matuƙin ba zai tsaya ba.

Gangare ma abokin gaba ne. Filin da ido ke gani a miƙe, hobakiraf zai nuna muku inda ya karkata. Idan turin farfelarku kilo 10 ne jirgin kuma kilo 200, hawan da ya wuce mita 1 a cikin 20 ya fi ƙarfinsa.

Za mu iya gwada shi a Dam ɗin Gubi ko Dadin Kowa?

Ba a gwajin farko ba, kuma ba tare da izini a rubuce ba. Daga Gubi garin Bauchi ke shan ruwa, ba wurin ɗigar da fetur da baƙin mai ba ne. Dadin Kowa kuma akwai dorina. Faifai mai leda da wayar lantarki ko kusa da ruwa kada ya je.

Ga babban, sharaɗin farko shi ne ya iya yawo a kan ruwa inji a kashe. Jarka mai lita 25 da aka toshe da kyau tana ɗaukar abin da ya kusa kilo 24, ku lissafa nawa kuke buƙata ku ƙara rara. Farin soson nan da ake tokare firiji da shi a kwali ma yana yi, amma fetur na narkar da shi. Sannan a kan ruwa matsin iska na haƙa rami a ƙarƙashin jirgin, faskal 660 kusan santimita 7 kenan, kuma sai jirgin ya haye igiyar da ya tara a gabansa kafin ya yi gudu. Ƙananan injuna da yawa a nan suke gazawa. Ku fara da kududdufin da bai wuce gwiwa ba, da rigar kariya daga nitsewa, da igiya a hannun wani a bakin ruwa.

Malam, ni kaɗai ce mace a rukuninmu, an ce in tsaya nesa saboda haɗari. Haɗarin ya kai haka?

Ya kai, amma ba naki ba ne ke kaɗai, kuma ba dalilin hana ki aiki ba ne. Farfela mai santimita 60 a juyi 3,600, bakin fiffikenta na gudun mita 113 a daƙiƙa, sama da kilomita 400 a awa. Tana zuƙar duk abin da ke lilo: hijabi, gyale, hannun babbar riga, igiyar katin shaida. Ki ɗaure hijabinki ki cusa shi cikin rigar aiki, su ma mazan su tuɓe manyan kaya. Dole a yi keji na waya mai ƙarfi gaba da baya, wanda yatsa ba zai shiga ba, a rufe bel da fuli. Kada kowa ya tsaya a gefen farfela daidai layin juyinta, domin idan fiffike ya ɓalle nan zai bi. Kada a ɗaura fiffiken fankar gida a kan injin fetur, ba a yi shi don wannan juyin ba. A sa makashin inji mai igiya a ɗaure a hannun matuƙi. Ba a tayar da injin fetur a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa ba tare da wari ya gargaɗe ku ba. Da hunturu kuwa iskar da ke fita ta ƙarƙashi za ta tayar da ƙura da tsakuwa, a sa tabarau, a yayyafa wa filin ruwa.

Nawa zai ci mana?

Duk adadin da na rubuta yau zai zama tsohon labari kafin ku karanta. Ku zaga kasuwar Muda Lawal da Wunti da kanku, ku ɗauko farashi daga shago uku. Inji da fanka ne za su cinye mafi yawa, kuma ana iya aron inji a mayar bayan an kare aiki. Ku sayi tampol ninki biyu, domin da wuya siket na farko ya zama na ƙarshe. Fenti da sitika su zo a ƙarshe idan an samu canji.

Me za mu auna don babi na huɗu?

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Bidiyon abokinku yana sulalewa ana tafi ba sakamako ba ne. Kayan awon kuma ba su da tsada. Ku sayi farin tiyo irin wanda magina ke duba lebur da shi, ku lanƙwasa shi ya yi siffar U a jikin allo, ku zuba ruwa da ɗan kala, ku manna rula. Baki ɗaya a ƙarƙashin jirgi, ɗayan a fili. Kowace santimita ɗaya ta bambancin ruwan faskal 98 ce, kenan a faskal 870 za ku ga kusan santimita 9. Ku riƙa ƙara nauyi kilo 10 bayan kilo 10, kuna rubuta matsi da tsayin ɗagawa, har ya zauna. Ku ja shi da sikelin rataye a kan tayil, da siminti, da ƙasa, da ciyawa, fanka a kashe da kuma a kunne. Da sikelin nan dai za ku auna turin farfela idan kun ɗaure jirgin a ginshiƙi. Ku maimaita da sassafe da kuma da azahar. Inda awo ya saɓa wa lissafi kada ku gyara lamba, ku yi bayanin dalili, nan ne ake gane injiniya.

Idan mai jarrabawa ya ce mene amfaninsa a nan fa?

Ku faɗi gaskiya. Ba zai maye gurbin babur ko kwalekwale ba: yana da ƙara, yana shan mai, ba ya son tudu, ƙaya da kututturen dawa kuma za su yaga siket. Ko a Turai, manyan hobakiraf samfurin SR.N4 da suka riƙa ɗaukar motoci tsakanin Ingila da Faransa tun 1968 an ajiye su a 2000. Inda ya rage yana aiki shi ne inda mota ke kafewa jirgin ruwa kuma ke taɓa ƙasa: kamfanin Hovertravel na jigilar fasinja zuwa tsibirin Wait a kudancin Ingila tun 1965, sojojin ruwan Amurka da Rasha na sauke kaya da shi a gaɓar teku, masu ceto na shiga taɓo da shi.

A jiharmu, wurin da ya yi kama da haka shi ne fadamun arewa, wajen Jama'are da Zaki da Gamawa, inda ambaliyar damina kan bar ruwa mara zurfi da laka tsakanin ƙauyuka. Kuna iya kawo wannan a matsayin abin da ya cancanci bincike, amma kada ku ce naku na filawud zai je ceto. Akwai kuma amfanin da ya fi kusa: a masana'antu ana zura irin wannan faifan iska a ƙarƙashin inji mai nauyin tan da yawa, a tura shi da hannu a kan daɓe mai santsi. Idan kun juya taken furojet ɗinku zuwa faifan matsar da kaya masu nauyi a cikin bita ko sito, lissafin bai canza ba, kuma babu ruwanku da farfela.